Tauraro Biyar Da Sunan Ruka

SHAFI NA 19

*Masu turo min saƙo cewa na bar ku a rataye, ku yi haƙuri, wayata ce ta faɗa bokitin wanki, kwana uku tana kwance cikin shinkafa. Ku gyara zama, yau akwai rigima.*

Dattijon ko gaisuwa bai yi ba. Labulen ofishin ya yaye ya shigo, laka har gwiwar wandonsa, ya buga wayarsa a kan tebur da ƙarfin da ya sa kofin shayin Ruka ya yi tsalle.

"Wace ce Ruka Jumare a cikinku?"

Eunice ce ta fara miƙewa, idanu waje.

"Baba Filibus! Daga Rijau kake? Lafiya dai? Zauna mana, bari in kawo ruwa."

"Ba ruwa ya kawo ni ba. Na ce wace ce Ruka?"

Ruka ta ɗan rusuna. "Ni ce, Baba. Ina wuni?"

"Riƙe gaisuwarki. Ke ce kika rubuta cewa manhajar nan Killace ba ta da na biyu?"

Ruka ta dubi Eunice, Eunice ta dube ta.

Shekara guda da wata huɗu ke nan su biyun suna gina shafin nan nasu na intanet mai suna Mun Gwada, a wannan ɗan ɗakin da ke bayan shagon gyaran waya na yayan Ruka, nan cikin Kontagora. Aikinsu shi ne tattaro manhajojin da mutum zai haɗa fom ko shafin talla da hannunsa, ba sai ya karanci ilimin kwamfuta ba, su jera su, su rubuta sharhi da Hausa, su ba kowace tauraro daga ɗaya zuwa biyar. Ƙa'idarsu guda ce tak. Ba sa rubuta komai a kan manhaja sai sun yi sati biyu suna aiki da ita a ƙaramar waya mai arha, sun hau mashin sun kai ta Auna ko Nasko ko Bangi, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Manhaja sittin da uku suka bi ta wannan hanya, kuma Ruka ta san kowace kamar yunwar cikinta.

"Baba," ta ce a hankali, "Killace tauraro ɗaya na ba ta. Har jan rubutu na sa na gargaɗi mutane."

"Au, ƙarya nake yi ke nan?"

"Ban ce ba, Baba."

"Shekara talatin da ɗaya ina hedimasta, karatu ne ban iya ba?"

Ya zaro tabarau daga aljihu, ya latsa wayar ya tura mata.

Ruka ta duba.

Killace ce a saman jerin manhajojin fom, lamba ɗaya. Taurari biyar reras. A ƙasa an rubuta: *Na gwada ta a Bangi, ko sabis ya ɗauke ba ta zubar da komai. Ku yi amfani da ita hankali kwance.* Sannan sunanta, Ruka Jumare, da ɗan hotonta mai shuɗin mayafi.

Sai ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a baya.

"Wallahi ba ni na rubuta wannan ba."

"To ni na rubuta?" Muryarsa ta cika ɗakin. "Saurara ki ji abin da kika ja min. Wata ƙungiya ta ce za ta ba manomanmu irin masara mai saurin nuna, kyauta. Sharaɗi ɗaya, a tura musu sunan kowa da lambar waya da girman gona ta intanet kafin Litinin ɗin da ta wuce. Ni ne shugaban manoman. Na ce ba sai mun nemi kowa ba, ga shafin 'yarmu Eunice. Na shiga, na ɗauki ta saman, na haɗa fom da hannuna, ina ta murna tsoho ya waye. Kwana goma sha tara ina kan mashin ƙauye ƙauye. Mutum ɗari huɗu da sha biyu! Kowane na shigar sai ta ce min *an adana*. Ranar Lahadi na dawo daga coci na buɗe zan tura."

Ya ɗago ya dubi Ruka.

"Sunaye talatin da ɗaya kacal na samu."

Eunice ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah."

"Sun rufe karɓa. Na kira, na roƙa, sun ce ƙa'ida ce. Ga ruwa ya sauka. Akwai wata Kubura, mijinta ya rasu bara, da ƙafa ta tako mil huɗu ta same ni don in sa sunanta. Jiya ta tare ni a kasuwa tana tambaya yaushe iri zai iso. Me zan ce mata? Ke faɗa min, mai tauraro biyar!"

Ruka ba ta iya kallonsa ba. Wannan ita ce ainihin cutar da ta gano a Bangi watan Fabrairu. Idan sabis ya yanke a tsakiyar aiki, manhajar sai ta nuna ta adana, alhali ta zubar. Sau bakwai ta gwada a gindin wata bishiyar mangwaro, sau bakwai tana zubarwa. Da hannunta ta rubuta, *ku guje ta.*

Mutum biyu ne kaɗai ke da hanyar shiga su taɓa rubutu a shafin. Ita da Eunice. Kuma Eunice ce mai ɗora sharhi da tsara jeri.

Ta juya a hankali.

"Eunice."

"Na'am?"

"Me suka ba ki?"

Eunice ta ɗago ta dube ta.

"Me kika ce?"

"Kin ji ni sarai. Wa ke taɓa jeri in ba ke ba? Ba ke ce watan jiya kike cewa gaskiya ba ta sayen data ba, mu fara karɓar talla?"

"Talla na ce, Ruka! Talla a fili, kowa ya gani!"

"To ga shi kin yi ta a ɓoye. Kuma don rashin kunya ba ki sa sunanki ba, nawa kika sa!"

Eunice ta yi wata dariya mara daɗi, hawaye na taruwa a idonta.

"Ni? Ni Eunice? Kin san wane ne wannan da ke tsaye? Ƙanin babana ne. Gonar mamata tana cikin sunayen da suka ɓace. Ni zan haƙa rami in tura uwata ciki?"

"Ai ba ki san shi zai faɗa ba."

"Ruka!"

"Kira sunana da kyau, tunda kin iya sayar da shi."

Eunice ta share ido da bayan hannu. Ta ja kujera, ta buɗe laftof ɗinta, yatsunta na dukan madannai kamar da su take faɗa. Ta shiga inda shafin ke ajiye tarihin duk wani gyara da aka taɓa yi, wa ya yi, yaushe, da wace na'ura. Ta juyo da fuskar laftof ɗin.

"Zo ki karanta da bakinki. Da ƙarfi, Baba ya ji."

Ruka ta matso.

"Karanta mana!"

"An sauya sharhin Killace... Juma'a, tara ga Afrilu, sha ɗaya da minti arba'in na safe."

"Wa ya sauya?"

Ruka ta kai yatsa kan sunan da ke jiki.

"Na ce wa ya sauya?"

"Ruka Jumare."

"Da wace na'ura?"

"Laftof ɗina."

Baba Filibus ya cire tabarau. "To. Ashe dai ban manta karatu ba."

"Baba, wallahi tallahi..." Ruka ta dafe kai. Tara ga Afrilu. Tara ga Afrilu. Ina take ranar?

Sai ya faɗo mata.

Minna. Ranar da ƙanwarta Umaima ta haihu. Tun asubar Alhamis ta bi mota, ba ta dawo ba sai Lahadi. Laftof ɗin kuwa ba ta tafi da shi ba, batirinsa ya kumbura, ta bar shi a gyara. Kuma ita ba ta fita daga shafin in ta gama aiki, kalmar sirrinta na nan a maƙale, duk wanda ya buɗe ya shiga.

A hannun mutum ɗaya ta bar shi.

Ta dubi Eunice, ta buɗe baki.

"Eunice, ni..."

"Kada ki soma. Ba yanzu ba."

Daidai nan labule ya motsa. Yaya Abdulfatahi ya leƙo, ƙullin gyaɗa a hannu, ɗan sukundireba maƙale a bayan kunne. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da Ruka, shi ne babba, shi ya ba su ɗakin nan kyauta tun ranar farko.

"Kai, wannan hayaniya fa? Har bakin titi ana jin ku. Sannu da zuwa, Baba."

"Yaya, shigo."

"Ina da kwastoma a..."

"Na ce ka shigo!"

Ya tsaya da tauna. Tunda aka haife ta ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

"Ke, lafiyarki?"

"Lokacin da na tafi Minna, wa ya taɓa laftof ɗina?"

"Ni na sa miki batir, ba ke kika ce ba?"

"Bayan batir fa?"

"Ban gane ba."

Ta juya masa fuskar laftof ɗin Eunice. Ya duba. Bai daɗe yana dubawa ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ko mamakin ƙarya bai tsaya yi ba. Ya ajiye ƙullin gyaɗar a kan tebur, ya kakkaɓe hannu.

"To, ni ne. Sai me?"

"Sai me? Yaya, sai me ka ce?"

"Gyara na yi. Kin zalunci manhajar nan, na gyara."

"Ina ruwanka da ita?"

"Tawa ce."

Eunice ta miƙe tsaye. "Taka kamar yaya, Yaya Abdul?"

"Kamar yadda kika ji. Ni da abokina na Kaduna muka gina ta. Shekara biyu. Duk zuwan da nake yi Kaduna kuna cewa sarin kayan waya, ita nake zuwa yi. Filina na hanyar Yawuri da na sayar, ita ta cinye shi."

Ruka ta ƙura masa ido.

"Me ya hana ka faɗa min?"

"So na yi ki gwada ba ki san tawa ba ce. Na ɗauka za ki dawo daga Bangi kina yabo, sai in ce miki ai ta yayanki ce, mu yi dariya." Ya nuna ta da yatsa. "Sai kika dawo kika yanka ta. Tauraro ɗaya! Da jan rubutu! A gabana kika zauna a kujerar nan kina cewa wanda ya haɗa ta ko rediyo bai kamata a ba shi ya gyara ba. Ina tsaye ina ji. Sati ɗaya da fitar sharhinki, mutum biyu suka sauke ta. Biyu!"

"Ai gaskiya na faɗa!"

"Mun gyara matsalar kafin in taɓa rubutunki. Ni ba mugu ba ne."

"Kun gwada?"

"Mun gwada mana."

"A ina?"

Ya dubi ƙasa. "A Kaduna."

"A Kaduna!" Ruka ta tafa hannu. "A Kaduna inda sabis ke cike fal har banɗaki! Ka hau mashin ka je Bangi? Ka tsaya a rana kana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa? Ni na yi! Ni na faɗi a kan mashin a hanyar Nasko, ga tabon nan a gwiwata. Shekara guda ina tara yardar mutane ɗaya bayan ɗaya, kai ka zo cikin minti biyar ka kwashe ka zuba wa kayanka!"

"Ki iya bakinki, ni ba sa'anki ba ne."

"Da ka tuna kai ba sa'ana ba ne da ba ka yi sata da sunana ba!"

"Ruka!"

"Ka sa na zagi Eunice! A gaban babanta na ce ta ci amana!"

"Wannan kuma bakinki ne ya faɗa, ba nawa ba."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Ta juya ta kalli Eunice. Eunice ta kawar da kai tana kallon bango.

Baba Filibus ya matso gaban Abdulfatahi. Yanzu muryarsa ta sauka, kuma saukar ta fi ihun ban tsoro.

"Ɗana, kai ne mai abin?"

"Ni ne, Baba. A yi haƙuri, kuskuren na'ura ne, kowace manhaja tana..."

"Sunayen suna nan a wani wuri? In suna nan ka fito min da su, in je in durƙusa wa mutanen nan ko za su karɓa."

Abdulfatahi ya sosa ƙeya.

"In ba su hau ba tun farko, Baba... babu inda suke."

"Babu."

"Babu."

Dattijon ya gyaɗa kai sau biyu. Ya nemi benci ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa.

Ruka ta ja kujerarta, ta buɗe laftof ɗinta.

"Me za ki yi?" in ji Abdulfatahi.

"Abin da ya kamata. Zan mayar da tauraro ɗaya. Zan rubuta a saman shafi cewa sati shida mun yi wa mutane ƙarya, duk wanda ya zuba bayanai a Killace ya je ya duba tun wuri. Ka san mutum nawa ne suka ɗauka bayan Baba? Akwai makarantu, akwai masu shagon magani."

"To, mayar da tauraronki. Na yarda. Amma iya nan."

"Zan kuma faɗi wanda ya sauya."

"Ba za ki sa sunana ba."

"In ban sa naka ba, nawa ne zai zauna a wurin. Ko na Eunice."

"Ki ce kutse aka yi muku! Kullum ana yi wa shafuka kutse, wa zai bincika?"

"In wanke ƙarya da ƙarya?"

"Ruka, saurare ni." Ya dafa teburin da hannu biyu, ya rage murya. "Jibi Alhamis za mu tsaya gaban masu zuba jari a Abuja. Shafinku na cikin abin da muka nuna musu. In wannan magana ta fita kafin nan, na mutu. Ki ba ni kwana uku. Kwana uku kacal. In suka sa hannu, ni da kaina zan sayi irin masarar nan in kai Rijau."

"Na mutum ɗari huɗu?" Eunice ta ce ba tare da ta juyo ba. "Da wane bakin za ka faɗa wa masu jarin abin da za ka yi da kuɗinsu?"

"Ba da ke nake ba!"

"Ai da ni kake, tunda rabin shafin nawa ne."

Ruka ta fara rubutu. Tana kuskure tana gogewa, amma ba ta tsaya ba.

"Ki tuna da Inna," ya ce. "Kin san jininta. Ranar da ta ji 'yarta ta tona wa ɗanta asiri a duniya, ke za ki ɗauki alhakin abin da ya biyo baya."

Yatsunta suka tsaya cak.

Ta ga fuskar Inna a ranta, zaune a tabarma tana tsintar shinkafa, tana faɗa wa maƙwabta yadda Abdulfatahi ya riƙe ƙannensa tun rasuwar mahaifinsu. Kuma ba ƙarya ba ne. Shi ya kai ta makaranta. Shi ya saya mata wannan laftof ɗin da take shirin kashe shi da shi.

Hawaye ya zubo mata. Ta bar shi ya zuba.

"Inna ce ta koya min kada in ci amanar wanda ya yarda da ni. Kai ma ta koya maka."

Ta ci gaba da rubutu.

Abdulfatahi ya koma jikin bango, ya zaro wayarsa, ya sunkuyar da kai yana latsawa. Ruka ta ɗauka abokinsa na Kaduna yake sanar wa. Ba ta kula ba. Ta gama layi na ƙarshe, ta karanta sau ɗaya, ta dubi Eunice.

"Kin yarda?"

Eunice ta leƙa, ta karanta, ta gyaɗa kai.

Ruka ta yi bismillah ta danna *wallafa*.

Fuskar laftof ɗin ta yi fari. Rubutun ya ɓace. Wani ɗan akwati ya fito yana neman kalmar sirri.

Ta shigar.

*Ba daidai ba ce.*

Ta sake, a hankali, harafi bayan harafi.

*Ba daidai ba ce.*

"Eunice, gwada taki."

Eunice ta gwada a nata laftof ɗin. Ta ɗago, fuskarta ta sauya.

"An cire ni. Sunana ma babu shi."

Tare suka juya.

Abdulfatahi ya mayar da wayarsa aljihu. Idanunsa sun yi ja, amma muryarsa ba ta rawa.

"Ranar da kuka zo buɗe shafin nan katin bankinku ya ƙi aiki, da imel ɗin wa aka yi rajista?"

"Yaya..."

"Ranar Juma'a zan mayar muku da kayanku. Kafin nan tauraro biyar na nan inda yake, da sunanki a ƙasa."

Ya juya zai fita.

Baba Filibus ya miƙe, ya ja bencin ya gitta shi a bakin ƙofa, ya sake zama a kai.

"Baba, ba ni hanya."

"Da ni ne kai, ɗana, da ban yi gaggawar fita ba."

A waje ƙarar mashina ta tsaya a ƙofar shagon. Ɗaya. Biyu. Biyar. Ruka ta daina ƙirgawa. Wata murya ta ɗaga da ƙarfi tana tambayar ko nan ne wurin masu tauraro.

Eunice ta riƙe hannun dattijon. "Baba, su waye waɗannan?"

Ya ɗora hularsa a kai.

"Manoman da sunayensu suka ɓace ne. Na ce su jira ni a tasha. Da alama sun gaji da jira."